Kwana biyu ina jiran sa hannu

Shekarun baya, lokacin da mutanen ƙauyukan bakin daji ke ta gudowa cikin gari, na tsinci wata yarinya a tasha tana kuka. Ba ta wuce shekara uku ba, kuma babu wanda ya san ta. Mai unguwa ya tura ni ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Jami'in ya ce, "Daga yau hukuma ce uwarta, ita ce ubanta. Kai riƙo kawai za ka yi." Ya ba ni takarda cewa kada in fitar da ita daga ƙaramar hukumar sai da sa hannunsa. Ni da ko layi nake tsoron tsallakewa, na naɗe takardar a leda na adana.

Shekara biyu iyayen nan na hukuma ba su leƙo ba. Ran nan cikin bazara zazzaɓi ya kama ta, wuyanta ya sanƙare. Malamin asibitin garinmu ya ce, "Funtuwa, yau-yau."

Maimakon tasha, sai na hau babur na nufi sakatariya. Ofis a kulle. Masinja ya ce oga ya tafi bita. Washegari na koma, masinjan ya dube ni yana ɓare gyaɗa.

"Malam, ita yarinyar ba za ta iya jiran Litinin ba?"

Da na dawo gida na tarar da mahaifiyata ta goya ta, ta sa mayafi.

"Inna, takardar fa? In aka ce sato ta muka yi?"

"Hukumar ce ke wanke mata kashi? Wuce ka nemo mota. In ɗauri ne, ni za su ɗaure."

Har muka isa babu wanda ya tambaye mu takarda. Ta rayu, amma ciwon ya tafi da jinta. Likita ya ce mun makara.

Da jami'in ya dawo na gaya masa komai. Ya yi dariya. "Haba Malam, ai da ka wuce abinka. Wa ke duba wannan?"

Har yau ina tuna dariyar nan. Wanda ya kira kansa uba ya kamata a same shi ranar ciwo. Amma ba haushinsu kaɗai nake ji ba, ni ne na zauna a benci kwana biyu. Yanzu ta girma, tana kirana Baba da ƙarfi. In na amsa, sai ta kalli bakina.