Hular da ta toshe tagar ɗakin jego

Jama'a, yau na ga abu a gidana nan Buza!

Mai ɗakina Hadiza kwananta biyar da haihuwa. Tana kwance bisa gadon ƙasa, muna sa mata garwashi ƙarƙashi saboda sanyi. Da hantsi na leƙa. Ɗaki da ɗumi, amma ta ce, "Malam, kaina kamar zai tsage." Jinjiri ya ƙi kama nono, ya yi laƙwas!

Na sheƙa na kirawo Inna Tabawa ungozoma. Tana shiga ta ce, "Ku hito da su waje! Hayaƙin garwashi ya buge su. Wa ya hana ɗakin ga numfashi?"

Ashe 'yar tagar sama a toshe take. Na sa gora na zunguro. Mi ya faɗo? Jar hular soja da wana ya kawo mini daga yaƙin Nasara, kwana uku ina nemanta!

Tsohuwata ta ce, "Ni na cusa ta. Itace na ƙarewa, ɗumi na gudu."

Sai jinjiri ya tsala kuka tsakar gida. Wallahi ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba! Hular ta yi baƙi ƙirin, amma ga ta bisa kaina.