Yatsun Malam Yohanna

Cikin shekarun da na yi ina Sajan 'yan sanda mai kula da makamai a Kafanchan, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da aka tura ni wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro. Lokacin tonon citta ne, ɓarayi sun addabi gonaki, manoma da Fulani suka haɗa 'yan sintiri. Aikina in duba lasisin kowa, sannan mai bindiga ya harba sau ɗaya a gabana.

Mutanen suna da wata al'ada da ta burge ni, ta kuma tsorata ni. Duk wanda ya sayo harsashi sai ya zuba a jaka guda, kowa ya ɗiba, wai alamar babu zargi tsakaninsu. Manyan harsasai da ƙanana duk a cakuɗe kamar gyaɗa da gurjiya.

Shugabansu Malam Yohanna ne, tsohon malamin makaranta mai kaɗa piyano a coci. Bindigarsa tana cin harsashi iri biyu. Babba yana shiga kai tsaye, ƙarami kuwa sai an zura wani ɗan bututun ƙarfe ya riƙe shi.

"Oga Sajan, wannan bindiga ba ya zaɓen abinci," in ji shi, yana ta washe baki.

Ina can ina duba bindigar wani, ashe Malam Yohanna ya zura ƙarami a tasa, alhali ya bar bututun a gida. Ya ja kunama, shiru. Ya buɗe ya ga wayam, ya yi dariya ya ce tsufa ya sa ya manta bai ɗura ba. Ya zura babba, ya ɗaga ya saita kututturen da ake gwaji a kansa.

Sai Jauro Buba, wani makiyayi da ke gefensa, ya dafa masa kafaɗa. "Malam, dakata. Na ga ƙarami ya shiga, ban ga ya fito ba."

Na karɓi bindigar, na cire babban, na leƙa bakinta ta wajen rana. Ba haske. Na zura ƙarfen sharewa, sai ga ƙaramin ya faɗo. Ya zame ne ya maƙale a cikin bindigar, daidai inda hannun hagunsa yake riƙe. Da ya harba, nan ƙarfen zai tsage, ya tafi da yatsunsa.

Malam Yohanna ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon tafinsa. Da ƙyar ya ce, "Ubangiji ya yi mini jinƙai." Ni kaina sai da na sha ruwa kafin na dawo daidai.

Ban hana su haɗa harsashi ba, na dai sa aka yi jaka biyu, manya daban ƙanana daban. Abin da nake gaya wa ƙananan ma'aikata shi ne, shigar harsashi ba ita ce dacewarsa ba, kuma kada ka raina idon wanda ke tsaye kusa da kai.

Bara na je ɗaurin aure a cocinsu. Malam Yohanna ne a kan piyano. Ban ji waƙar sosai ba, yatsunsa nake ta kallo.