Tasalla Kurma ta Jiratawa

Tasalla da kurumta aka haife ta a Jiratawa. Ba ta taɓa jin kiran salla ba, ba ta yi makarantar allo ba, ba ta yi lakwal ta boko ba. Iyayenta sun yi iyakar ƙoƙarinsu da alamun hannu, amma alamun ba su wuce na ci da sha da "zo" da "bari" ba. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidan ƙanenta Inusa, ta kama sana'ar zogale. Ta tsinko a lambu, ta dafa, ta kai Maraɗi.

Wanda ke kai ta shi ne Matiyas, ɗan kabu-kabu mai babur, Kirista mutumin Tibiri da ke zaune a Sabon Garin Maraɗi. Shekaru suka yi tare. Idan tana son ya tsaya sai ta daddaɓa mashi kafaɗa. Idan ya cika gudu ta mintsine shi a haƙarƙari. Yakan ce wa matarshi Febi duk cikin fasinjojinshi babu mai yawan faɗa kamar wadda ba ta magana.

Wata ranar Talata da hantsi, suna shigowa Sabon Gari, suka tarar an tare hanya. An kama wani saurayi da babur ɗin da ba nashi ba. Har an fasa mashi baki, an rataya mashi taya a wuya, wani ya ɗauko kwalbar esansi, man fetur, daga teburin mai saidawa a bakin titi ya tuttule mashi. Ana ta neman ashana.

Matiyas an taɓa sace mashi babur, ya san wuyar da gidanshi ya sha a shekarar. Ya kafe babur ya kutsa cikin taron. Bai ɗaga hannu ba, bai kuma hana ba. Ya tsaya yana kallo, yana jin wani sanyi-sanyi a ranshi.

Sai ya ga Tasalla ta ratsa mutane da robar zogalenta a kai. Ba ta jin ihun da ake yi, ba ta san me saurayin ya yi ba. Ta aje robar, ta durƙusa, ta rungume shi da tayar da komai, zanenta ya jiƙe da mai. Ta ɗago kai ta saki wata irin ƙara da Matiyas bai taɓa ji daga bakin mutum ba. Mai ashana ya tsaya da ita a hannu. Aka ja ta, ta ƙi saki. Wani ya kai mata mari. Ta bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya har ta iso kan Matiyas, ta daɗe a kanshi. Suna haka motar 'yan sanda ta iso, aka watse.

Da za su koma, ta hau bayanshi kamar kullum, warin man yana bin su har Jiratawa. Ta ci gaba da hawa babur ɗinshi, tana ba shi kwaɗon zogale a leda. Ba ta canza mashi fuska ba ko sau ɗaya, shi kuwa da ta yi fushi da ya fi mashi sauƙi.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Matiyas ya je gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma, ya tambayi Inusa abin da ya daɗe yana cin shi.

"Inusa, wa ya koya mata? Wa ya gaya mata kashe mutum zunubi ne?"

"Wallahi babu," in ji Inusa. "Ta ina za a gaya mata? Tun muna yara haka Yaya take. In Baba ya ɗaure akuya ya matse igiyar, sai ta bi ta sassauta. An doke ta a kan haka ya fi a ƙirga."

Limamin unguwa da ke wurin ya ce kowane ɗa da wannan hasken ake haihuwarshi, duniya ce ke rufe shi. A gida Febi ta faɗi kusan haka. "Baban Ruhama, ai Allah ya rubuta shi a zuciyar kowa tun kafin a karanta mashi."

"To ni da na ji wa'azi tun ina goye," ya ce, "ina nawa ya shiga ranar?"

Tun daga nan Matiyas ya daina bin layin da aka kama saurayin. In zai sayi mai, sai ya kau da kai lokacin da ake juye kwalbar. Wani lokaci yana tsaka da tuƙi da rana tsaka sai ya ji kamar an daddaɓa mashi kafaɗa, ya taka birki, alhali babu kowa a baya.

Bayan shekara biyu, a unguwar Zariya ta Maraɗi, wani mutum mai ɗingishi da karyayyun haƙoran gaba ya tsaida shi. Ya ce shi ne wanda aka rataya wa taya, ya fito daga kaso, gidan yari, yana aikin kafinta yanzu, kuma ya daɗe yana tambayar 'yan kabu-kabu wanda ke ɗauko wata kurma mai zogale, har aka nuna mashi shi.

"Tana nan?"

"Ta rasu," in ji Matiyas.

Mutumin ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Kana wurin ranar, Malam?"

"Ina wurin."

Mutumin ya ce a kai shi gidan su Tasalla ya yi gaisuwa. Matiyas ya ce ya hau. Suka kama hanyar Jiratawa, hatsi ya yi tsayi dama da hagu. Da suka iso, Inusa na lambu. Suka zauna a ƙofar gida cikin inuwar katanga, kowa na kallon ƙasa, suna jiran a kira shi.