Keken Manzo Mai Fitila

Manzo gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Tanut. Ɗan ƙauyen Falanko ne. Farin 1973 ya raba shi da gona, ya shigo gari da matarsa Hawa da 'yarsu Salamatu. Shekara biyu da zuwansu yarinyar ta kwanta zazzaɓi kwana huɗu, ta tashi ƙafar hagu ba ta ɗaukarta. Shan-inna ce.

Majo Rissa, ma'aikacin gidan likita, ya ce a riƙa motsa ƙafar safe da yamma. Amma da an taɓa ta sai kuka, har Hawa ta ce ita ta gaji da azabtar da 'yarta.

Manzo ya ɗauko wani mataccen keke ya kafe shi a zaure, ya rage tsawon sirdin, ya ɗaure takalmin roba a feda, ya haɗa dinamo da fitila. In an taka, fitila ta kama. In an tsaya, ta mutu.

"Baba, ni na kunna ta?" in ji Salamatu.

"Ke ce. Ƙara takawa ki gani."

Ƙafar dama tana turawa, ta hagu tana bi. Bayan wata biyar Salamatu ta miƙe, tana dafe da bango. Rissa ya fara turo wasu yaran, kowace Laraba ya zo ya auna kaurin cinyoyinsu da zare, ya rubuta. Ya ce in yaran sun kai ashirin zai kai takardun Damagaram.

Ta takwas ita ce Kaltuma, wadda ubanta Aghali ya ɗauko a raƙumi daga Tarka. Gwiwarta ta riga ta ƙage. Manzo ya ga haka, amma ya ɗora ta a keken. Yarinyar ta so fitilar, ta yi ta takawa tana cije leɓe. Kwana uku gwiwa ta kumbura, ko taɓawa ba a yi.

"Malam Manzo, kai likita ne ko mai gyaran keke?" Aghali ya tambaye shi, bai ɗaga murya ba.

Rissa ya ce shi ma bai san cewa keken ba na kowace ƙafa ba ne. Aghali ya tafi da 'yarsa, iyayen sauran yaran suka janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina aka yi wa Rissa canjin wurin aiki, ya tafi da takardunsa.

Salamatu ta girma tana tafiya da sanda, har tana kai tallar ƙosai tasha. Mutane suna yi wa Manzo barka, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Da yunwar 1984 ta watsa mutanen arewa suka cika Tanut, ya bi zangonsu bukka bukka yana cigiyar Aghali na Tarka. Wata tsohuwa ta ce ta san shi, dabbobinsa sun ƙare, ya yi kudu. Da Manzo ya tambaye ta yarinyar, sai ta ce ba ta lura ba.