Shanya a Gefen Masara

A shekarata ta ƙarshe a sakandare, ni aka zaɓa in wakilci makarantarmu ta Dangora a gasar kacici-kacici a Kiru. Wanda aka ajiye ya maye gurbina idan wani abu ya taso shi ne taubashina, ɗan gwaggona, wanda ke zaune a gidanmu. Ban damu ba. Littafi ba ya daɗewa a hannunsa. Daga makaranta sai gona, daga gona sai ƙwallo. Ni kuwa in na shiga ɗaki, sai kiran salla ke fito da ni.

Ana cikin kaka, mura ta kama mu tare. Shi atishawa ya yi ta yi, ya sha kunun kanwa mai zafi, bayan kwana biyu sai ga shi yana ɗaukar damin masara. Ni tawa ta sauka ƙirji. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta toshe taga da tsohon zane, ta lulluɓe ni da bargo, ta hana ni ko leƙa tsakar gida. Ina kwance cikin duhu ina jiyo dariyarsa.

"Malam na ɗaka," in ji shi daga bakin ƙofa, "in karanto maka jinyar ne, ko ka haddace ta?"

Da tarin ya ƙi tafiya, Baba ya kai ni asibiti a Tudun Wada. Aka ɗebi jinina aka aika Kano. Da sakamako ya dawo, likitar ta ce bitamin D ya yi ƙasa a jikina, kuma fata daga hasken rana take samar da shi. Ta ce mai ƙarancinsa wani lokaci ya fi saurin kamuwa da ciwon numfashi. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ce in riƙa cin ƙwai da kifi, in zauna a hantsi.

"Zan warke kafin gasar?" Da ƙyar na iya tambaya.

"Wannan ba ya kashe mura, ɗana. Giɓi yake cikewa, a hankali."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, abin da ake saya mini a kwalba, shi kyauta ya kwaso a gona, bai ma san sunansa ba.

Inna ta cire zanen daga taga. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa mini tabarma kusa da masarar da aka shanya. Taubashina in zai wuce sai ya ce, "Inna, a juya wannan, gefe ɗaya ya bushe."

Ranar gasar, muryata da tarin ya dusashe ba ta dawo ba. Taubashina ya fito sanye da rigata ta makaranta, don tasa ta koɗe. Ya tsuguna a gabana.

"Allah, tsoro nake ji. Me za su fi tambaya?"

Na san amsa. Na daɗe ina kallon yadda rigar ta zauna a kafaɗarsa fiye da yadda take zama a tawa. Sannan na raɗa masa babi biyu.

Da la'asar ya dawo da kofi, sun zo na biyu. Inna ta yi guɗa. Na ce masa barka, na haɗiye ƙwayata, na koma kan tabarma, ko da yake rana ta riga ta bar wurin.