Maƙalin da Kalilu Ya Yanka a Kwance

Kalilu ɗan tela ne. A shagon mahaifinsa da ke Fagge ya tashi, kuma tun kafin ƙafarsa ta kai ga taka keke ya iya shimfiɗa yadi ya fitar da riga da wando har da aljihu, bai bar ƙyallen da ya wuce tafin hannu ba. Da ya girma ya karanta injiniyanci, ya samu gurbin ƙaro karatu, ya sauka Kuala Lumpur da matarsa Sakinatu, suka kama gida a hawa na tara a Pantai Dalam.

A wani shagon shayi da abinci, irin wanda ake kira mamak, ya haɗu da Pak Cik Rosli, wato Baba Rosli, wani dattijo ɗan ƙasa da ya yi ritaya daga gyaran jiragen ƙasa a Sentul. Hira ta yi daɗi, dattijon ya ce ya zo ya ga wani abu. Abin kuwa jirgin sama ne mai kujera biyu, irin wanda ake sayowa a akwatuna mutum ya harhaɗa da hannunsa. Wasu sassan sun zo a gyare. Sauran fallayen alminiyam ne da dogayen sanduna, sai littafi mai kauri da ke faɗin awon kowane yanki, amma bai faɗi yadda za a fitar da su duka daga ƙarfen da aka aiko ba.

Nan Kalilu ya samu abin yi. Duk Asabar yana rumfar da dattijon ke harhaɗa jirgin, da fensir a kunne. Ba ya bari a taɓa zarto sai ya gama rabon a takarda: dogayen yankuna tukuna, gajeru su fito daga ragowa, a kuma bar wa bakin zarto abin da zai ci. Ya nuna wa dattijon cewa falle ma yana da zare kamar yadi, duk yankin da za a lanƙwasa dole lanƙwasar ta gicciye zaren, in ta bi shi ƙarfen yakan tsage a hankali.

Wata Asabar ya tarar Pak Cik ya yi yanka shi kaɗai cikin mako, ya ɓata rabin falle. Saura ƙaramin maƙali ɗaya, wanda ke riƙe wayar da ke sarrafa jelar jirgin. Kalilu ya juya ragowar ta kowace fuska. A kwance kaɗai maƙalin zai fita, lanƙwasa tana bin zare.

"A sayo sabon falle, Pak Cik."

"Mako shida kafin ya iso. Shekarata sittin da takwas, Khalil. Dube shi fa, bai kai ɗan yatsa ba. Boleh lah? Ai zai yiwu, ko?"

Kalilu ya sake juya ƙarfen a hannunsa. Sannan ya ce, "Boleh." Shi ya yanka, shi ya goge bakin, shi ya lanƙwasa. Ya duba da gilashin ƙara girma, bai ga tsaga ba.

Jirgin ya tashi. Shekara biyu yana tashi lafiya lau, har sau ɗaya Kalilu ya hau, ya ga gonakin kwakwar manja shimfiɗe a ƙasa kamar darduma, dattijon yana ta dariya kamar yaro. Wata safiya, yana shirin fita jami'a, aka kira shi a waya. Jirgin ya faɗa cikin ɗaya daga gonakin nan, Pak Cik shi kaɗai ne a ciki, Allah ya yi masa rasuwa.

Masu bincike suka ce zuciyarsa ce ta tsaya. Sakinatu ta karanta takardar binciken ta miƙa masa.

"Abban Mubina, ga shi likitoci sun faɗa. Kwana ne ya ƙare."

Bai musa ba. Amma ya nemi izini ya je rumfar da aka tara tarkacen, ya wuni daga hantsi har la'asar yana juya ƙarafa ɗaya bayan ɗaya. Ya gane yankansa da yawa, har da lambobin da ya rubuta a jikinsu. Maƙalin nan ne kawai bai gani ba. Aka ce masa wasu abubuwan sun nutse a laka.

Ya gama digirinsa, ya samu koyarwa a wata kwaleji, suka koma Taman Melati. Ɗalibai suka san shi da abu biyu: ba ya yafe kuskuren awo ko na gashin kai ne, kuma in ƙaramin jirgi ya wuce ta sama sai ya yi shiru a tsakiyar magana har ƙarar ta ɓace.

Sai bayan shekara huɗu ya iya zuwa Sentul, ranar ƙaramar salla, gidan Rosnah, babbar 'yar marigayin. Da baƙi suka ragu ya zauna ya faɗa mata komai game da maƙalin, bai rage ba, bai ɗora wa mamaci laifi ba.

Ta murza bakin mayafinta.

"Ni ban san ƙarfe ba, Doktor," in ji ta. "Amma wata uku kafin abin, na ga maganin zuciya a aljihun Abah, babana. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa, don za a hana shi tashi. Na yi shiru. Da aka kawo takardar binciken nan na ɗauka ni ce sila."

"Wataƙila ba ke ba ce."

"Wataƙila kai ma ba kai ba ne."

A waje jikokin marigayin suna guje-guje cikin sababbin kaya. Can Rosnah ta turo masa farantin shinkafa da nama.

"Makan lah, ci mana. Abincin ya huce."

Ya ci kaɗan. Tun daga shekarar, duk salla yana zuwa da Sakinatu da yara, Rosnah ta tarbe su da fara'a. Maganar jirgi kuwa ba su sake tayar da ita ba.