Kwamfutar da ta ƙi tashi a akwatin Yaya

Akwatin ƙarfen Yaya ya iso gidanmu shi kaɗai, ba mai shi. Yaya shi ne ɗan farin Inna. Ya tafi Abijan cin rani tun ina ƙarami, kamar yadda samarin ƙauyenmu na gefen Karofan suke tafiya, sai dai shi raninsa bai ƙare ba. Ya buɗe rumfar zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya, ya yi zamansa. Can zazzaɓi ya kama shi, can aka rufe shi. Wani ɗan garinmu da suka yi zaman ɗaki ɗaya ne ya kawo akwatin bayan girbi.

Da muka buɗe, ban da riguna da hula, sai ga kayan cikin kwamfutarsa a naɗe cikin zane: koren allon nan da komai ke hawa kansa, da diskin da ke riƙe hotuna da bidiyo. Mutumin ya ce gangar jikinta ta yi girma, direba ya ƙi ɗauka, shi ya sa ya kwanto abin da ke ciki ya baro kwankon.

Inna mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Ko lokacin da yake gida, in ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Hotunan da yake aikowa a wayoyin mutane ma, in an miƙa mata sai ta kau da kai ta ce ana jiranta a madafa. Ga shi kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta kai sai ta ji muryar mutum take gane shi.

Ni a lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Madawa, na ɗan koyi taɓa kwamfuta da kallo da karambani. Ranar da zan koma, ta tsayar da ni a bakin zaure.

"Auta, ƙarhen ga da anka kawo, da wani abu ciki?"

"Akwai hotuna, Inna. Wataƙila har da masu motsi."

"To," ta ce. Sannan ta ƙara, kamar da kanta take magana, "Idona dai kullum ƙara duhu shikai."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma na ji shi har cikin ƙashina. Tana so ta ga ɗanta kafin idon ya rufe, kuma bakinta ba zai iya roƙa ba.

Na so in ɗauki diskin in kai Madawa in kwafo abin da ke ciki. Ta ce a'a, abin da ya sha wannan doguwar tafiya ya iso gida ba ya sake hawa mota. Na ce to zan samo kwanko in haɗa a nan. Nan ma ta ce kayan mutum ba sa barin akwatinsa. A wurinmu akwatin ɗan cin rani ba abin wasa ba ne, shi ne ɗakinsa a ƙasar mutane. Sai na ce shi ke nan, akwatin ya zama kwankon. Na roƙi hutu a shago, na samo akwatin wuta mai ba allon lantarki da ekran na hannu, wato gilashin kallo, a Madawa, na ari batir da fanon sola mai ɗaukar hasken rana wurin maƙwabcinmu mai cajin wayoyi, na kira Kawu.

Kawu ƙanen Inna ne, maƙeri, shi ke haɗa wa mutane amalanken jaki. Duk wanda ya san duwatsun Adar ya san dokarsa: abin da ya yi motsi zai karye, saboda haka a ɗaure har ƙarfe ya yi ƙara. Ya huda gindin akwatin, ya yanka ƙofar iska, muka kwantar da koren allon a kan ƙarfen, ya bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa yana cije leɓe. Da ya gama ya ɗaga akwatin ya girgiza, ko ƙwas. Ni kaina na yaba. Na ce wannan ko a bayan raƙumi aka ɗora ta ba abin da zai same ta.

Da hantsi muka jona komai a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Inna tana can gefe ta ba mu baya tana ɓarar wake. Na yi bisimilla na danna maɓalli. 'Yar fankar da ke kan allon ta yi wani ɗan zillo, ta tsaya. Ekran baƙi ƙirin.

Na sake dannawa. Zillo, tsit.

"Ɗan lakwal," in ji Kawu, don haka yake kiran ɗan boko, "ko mu tura ta awa mota?"

Ban yi dariya ba, don ni mutum ne mai saurin hawa, shi kuma ya san haka, shi ya sa yake tsokanata. Na bi wayoyi na cire na mayar. Na zare 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta na goge bakinsu da gefen riga na mayar. Na cire diski, na cire ekran, na bar ta tsirara, duk zillon nan ne, na mayar da su. Na zargi batirin maƙwabci, muka jona rediyo ta kama rangaɗau. Ranar kasuwa na ɗauki akwatin wutar na koma Madawa da faɗana a baki, mai shi ya jona a gabana ya tashi lafiya lau, na haɗiye faɗan na hawo mota.

Kwanaki muna haka. Inna ba ta taɓa tambaya ba. Amma duk lokacin da na kai hannu ga maɓallin, sai in ji ƙarar ɓarar wakenta ta tsaya. In fanka ta yi zillonta ta mutu, sai ƙarar ta ci gaba a hankali. Wannan tsayawar ta fi tsokanar Kawu ci mini rai.

Daga ƙarshe na yanke cewa allon ya mutu a hanya. Hutun da na roƙa ya ƙare, zuciyata kuma ta kawo wuya. Na karɓi abin kwance kusa a hannun Kawu na warware ɗaurinsa, na ɗago allon da wayoyinsa a jiki, ina shirin dangwarar da shi a ƙasa in naɗe tarkacen. Ashe Inna tana jin motsina.

"Kak ka aje mai kaya ƙasa."

Ta laluba ta ɗauke faifan da ke rufe da ƙwaryar fura, ta kaɗe shi a gwiwa, ta miƙo ta baya ba tare da ta juyo ba. Haka take yi da duk abin da take girmamawa, goron baƙo ne ko tasbaha, ba ya taɓa ƙasa. Na ɗora allon a kan faifan.

"Taɓa ta na bankwana mana," in ji Kawu.

Don haushi na danna. Fanka ta yi zillo, ta juya, ta ci gaba da juyawa. Na ji iskarta a bayan hannuna. Wani ɗan ƙara ya yi tit, sai fararen rubutu suka fara gudu a ekran. Kawu ya ja da baya yana salati, ni kuwa na zauna daɓas.

Da hankalina ya dawo na leƙa ƙarƙashin allon. Cike yake da 'yan kawunan dalma ƙanana kamar ƙwayar gero, kowanne bakin wata hanyar wuta ne. Mu kuma mun kwantar da su duka a kan ƙarfe tsirara mun ɗaure tamau, wuta na fitowa sai ƙarfen ya haɗe hanyoyin, ita kuma ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ashe duk zillon nan kare kanta take yi daga ɗaurinmu. Na zura wa siraran layukan da ke jikinta ido, sun fi gashi siranta, ba wanda ya hau wani, kamar ka tsaya kan dutse kana hangen hanyoyin gonaki. Na yi mamakin hannun da ya zana su, na yi mamakin Wanda ya ba hannun basira, kuma na kasa daina kallon faifan kabar da Inna ta saƙa da hannunta yana ɗauke da wannan abu.

Na buɗe bidiyon farko da na gani. Ga Yaya a rumfarsa, wani na ɗaukarsa yana cin abinci, yana kare fuska yana dariya. "Kai, bari in ci tuwona lahiya!" Muryarsa ta cika gidan, da Hausarmu, ba abin da Abijan ta rage mata.

Ƙwaryar wake ta kife. Inna ta taso tana laluben iska, ta durƙusa gaban ekran, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ni da Kawu muka sunkuyar da kai, mu ne yau muke jin kunya. Ta daɗe tana kallonsa ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba yana raye. Ta sa yatsa ta shafi wajen gemunsa.

"Ashe ya yi hurhura," ta ce.

Sannan ta kira sunansa. A hankali ta kira, yadda ake tashin mai barci, kuma ranar na fara jin yadda sunan yake a bakinta.